Godiya ta musamman ga sistocin ɗakin bakwaini da ɗaliban ungozoma

Assalamu alaikum. Tun kafin mu yi arba'in nake son rubuta wannan, hidimar jego ce ta sha kaina, sai yau da yarinya ta yi barci na samu sarari. Godiya zan yi ga ma'aikatan ɗakin bakwaini na asibitin gwamnatin da aka kwantar da mu a nan Kano, da malamai da ɗaliban makarantar nas da ungozoma da ke aiki tare da su.

A wata bakwai na haihu, yarinya kilo 1.6, ko kuka ba ta iya yi sosai. Wani asibitin kuɗi muka fara zuwa, ba zan kira suna ba, tun daga ƙofa maganar kuɗin kwalbar ɗumama bakwaini aka tare mu da ita, ko zanin da ta ke ciki ba a buɗe ba, maigida yana ta kiran 'yan uwa a waya ni kuma ina zaune a benci jini bai ma tsaya min ba, da na tambayi wata nas ko yarinyar na numfashi sai ta ce Hajiya ki bari a gama da kashiya tukuna. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Haka muka naɗo ta muka fito da tsakar dare.

To da muka zo nan na riga na shirya wa tsawa, don abin da muka saba kenan. Sai ga wata sista babba, ni Anti kawai nake ce mata, ta ja kujera ta zauna ta ce ƙanwata kwalaben duk akwai jarirai a ciki, amma ƙirjinki ma kwalba ne, kuma shi ba ruwan shi da NEPA. Ta cire wa yarinya kaya daga ita sai famfas da hula da safa, ta kwantar min ita tsakanin nono, fata da fata, ta ɗaure da zani. Ni da na san goyo a baya ake yi! Ita ta gaya min goyon kangaru ake ce masa, a Bogota ta ƙasar Kolombiya likitoci suka fara shi a 1978 saboda su ma kwalba ta yi musu kaɗan, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haifi bakwaini, a yi aƙalla awa 8 a rana, in da hali har 24.

Magani da awo duk an yi yadda ya kamata. Abin da ya ɗaure min kai shi ne zaman da suke yi, ɗalibai da malamarsu da sistocin ɗakin, wai bincike suke tare kan me ya sa iyaye ba sa cika awannin, kuma mu masu jegon aka tara aka tambaya. Tunda nake zuwa asibiti ba a taɓa tambayata ra'ayina ba. Muka faɗa musu gaskiya, zani na kwancewa in ka gyangyaɗa, ga zafi, ga alwala da sallah da banɗaki kuma babu mai karɓar ka. Ba su ce taurin kai ne ba, rubutawa suka yi. Kwana kaɗan sai ga majanyi mai igiya da tela ya ɗinka daga atamfa, na farkon yana shaƙe wuya muka ce bai yi ba, suka mayar aka gyara. Suka liƙa takarda a gefen gado, duk awa ɗaya ka ja layi, ko wadda ba ta yi boko ba ta iya, da safe ɗaliba ta ƙirga ta haɗa da nauyin jariri. Da na ce a bar kaka ko uba su riƙa karɓa, sai da suka yi muhawara da metiron, ƙarshe aka ware wani lungu da labule bayan la'asar. Ku zo ku ga maigidana ya cire riga yana ta zufa da 'yarsa a ƙirji, ko tari ya ƙi yi.

Shi ya sa abin ke ba ni haushi da wasu wuraren, ɗalibai na zuwa firaktikal amma aikinsu ɗaukar fayil da sayo wa sista abinci, su gama su rubuta furojet a jibge a kabad ƙura ta cinye, majinyaci kuwa in ya buɗe baki a ce ka fi likita sani ne? Kuɗin atamfa nawa ne don Allah, labule nawa ne?

Anti, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ɗalibai Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa. Yarinya ta haura kilo 3 a awon ranar Talata, majanyin kuma yana wajena na wanke na goge, zan kawo in na zo rigakafi a ba wata.