Ziyarar Gonar Ɗan Ƙungiya da Abin da Ake Dubawa

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka mu yi tsokaci kan wata ɗabi'ar ƙungiyoyin manoma na da: su sa rana, su ɗunguma gonar ɗaya daga cikinsu, su bi ta kunya-kunya, su faɗa masa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba.

A Ingila, wani babban mai gona, Thomas Coke na Holkham, ya riƙa tara manoma a gonarsa duk shekara lokacin askin tumaki, har zuwa 1821. Askin dai dalilin haɗuwa ne kawai. Abin da ke jawo mutane shi ne ganin yadda ake juya shuka cikin shekara huɗu: alkama, tanif, sha'ir, sai ciyawar kuloba. Tanif, wata shuka mai yin saiwa a ƙasa, abincin tumaki ne a lokacin sanyi, kashinsu kuma ya koma gona; kuloba dangin wake ce, tana mayar wa ƙasa naitirojin da alkama ta zuƙe. Zuwa shekarun 1840 ƙungiyoyin manoma sun yawaita a can, aka kafa ta Landan a 1842.

Mai gona kullum wajen da ya fi kyau yake son kai baƙi. Masu ziyara da suka san aikinsu sai su nufi inda amfani ya tsumbure, su haƙa rami mai zurfin santimita 60. Idan saiwa ta nitsa santimita 15 zuwa 20 ta karkata gefe, ƙasa ta daskare ke nan a daidai inda garma ke tsayawa kowace shekara, sai a sauya zurfin huɗa. A cika ramin da ruwa. In har washegari bai tsotse ba, wurin na kwanciyar ruwa, magudana yake nema, ƙarin taki asara ne.

Daga nan sai jujin taki, wanda a ganinmu ya fi komai tona asirin manomi. Wanda aka bari a fili ruwan sama na dukansa, baƙin ruwa na tsiyaya daga gindinsa, ƙarfinsa ne ke tafiya. A soka sanda a tsakiya, a zaro bayan minti kaɗan: in da ɗumi yana nuna, in sanyi ƙalau kuma a bushe, sai a yayyafa ruwa a juya.

Iri ma a gwada shi. Ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga bayan kwana 7 zuwa 10. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan irin shuka ko a nemi wani.

Sakataren ƙungiya ya rubuta abin da aka gani da wurin da aka haƙa, domin baɗi a dawo daidai nan a sake haƙawa.

Naku,
Wasu masu karanta jaridarka