Godiya ga Sashen Nazarin Tattalin Arziki na Jami'ar Jihar Kaduna

Zuwa ga Shugaban Sashe, malamai da ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanku ne, wadda Allah cikin ikonsa ya ba ta digirin farko da daraja ta ɗaya. Na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole.

Bokona bai yi nisa ba. Sai da ta zaunar da ni kafin na gane cewa ba a samun wannan daraja sai makin ɗalibi na shekara huɗu, in an haɗa an raba, ya kai 4.50 cikin 5.00, kuma tuntuɓe ɗaya a ajin farko kan bi mutum har ranar fita. Wanda ya fi ba ta wuya shi ne darasin nan da ake auna tattalin arziki da lissafi da ƙididdiga. Malaminsa kan tsaya bayan lakca ya sake bi da su a kan allo, ba tare da an biya shi ko sisi ba. Allah Ya saka masa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kundin bincikenta na ajin ƙarshe. Da farko ta kai batun hauhawar farashi, irin wanda ɗalibi zai kwaso alkaluman Babban Bankin Najeriya ya zuba a kwamfuta, shi ke nan. Malamin da ke duba mata aikin ya tambaye ta sana'ar mahaifinta. Ta ce tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, yanzu yana sayar da yadi a Kasuwar Barci. Sai ya ce, "Ga bincike a cikin gidanku kina nema a waje?"

Haka ta koma kan durƙushewar masaƙun Kaduna, waɗanda aka fara da su tun 1957 zamanin Sardauna, suka ciyar da dubban gidaje, kafin zuwa 2007 manyansu su rufe. Ta rubuta tambayoyinta da Hausa, ta riƙa bina majalisar tsofaffin abokan aikina bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe su, "Baba, ina wuni," sannan ta buɗe littafi. Wani dattijo da ya yi aiki a ɓangaren rini ya shiga ɗaki ya fito da tsohon katin shaidarsa a naɗe cikin leda, hoton ya koɗe, ya ce ta saka shi a littafin.

Mu dai bakinmu ɗaya: atamfar Sin da ake fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka ita ta kashe mu. Ta rubuta haka, takardar ta dawo jawur da jan biro. A gefe malamin ya rubuta, "Wannan abin da suka ce ne. Me kika tabbatar?" Ranar ta yi kuka, ni ma har na ji haushinsa a raina. Sai ga shi ta koma ta tono batun rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi, da tsufan injuna, da yadda noman auduga ya ja baya a yankunan Funtuwa da Gusau. Kayan waje sun shigo, gaskiya ne, amma sun tarar da kuɗin saƙa yadi ɗaya a nan ya riga ya wuce farashinsa a kasuwa. Na yi shekaru a gaban injin saƙa, ban taɓa jera abin haka ba sai da 'yar cikina ta jera mini.

Ina kuma gode wa ma'aikatan ofishin sashe da jami'in jarrabawa. Duk takardar da ta nema ta samu cikin mutunci, babu wanda ya ce ta kawo na goro.

Roƙona ɗaya ne. Irin waɗannan kundaye kada su tsaya a kan kantar littattafai suna shan ƙura. A riƙa taƙaita masu kyau da Hausa, a kai wa 'yan kasuwa da hukumomin jiha, tunda a kanmu aka yi su.

Yanzu tana jiran kiran bautar ƙasa, da niyyar dawowa digiri na biyu in Allah Ya yarda. Allah Ya ƙara wa sashe ɗaukaka, Ya shirya muku zuri'a.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin ɗaliba,
Tudun Wada, Kaduna