Wasiƙa daga Sakkwato: Man Shanu da Man Gyaɗa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, ku kuwa can Fatakwal na san ba ku san da shi ba.

Saƙonka ya iso, har da tambayar da ɗiyarka ta ƙure ka da ita: me ya sa man shanu ke daskarewa, man gyaɗa kuwa yana kwarara? Ka ce mata sirrin yana cikin ƙirar ƙwayoyin man. Duk man da muke ci dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadarin kabon, wani sinadari mai suna haidirojin na maƙale a jikinsu. Idan kowane kabon ya ƙoshi da haidirojin, sarƙar miƙaƙƙiya ce. In kuwa wasu kabon biyu sun yi ɗauri biyu a tsakaninsu, sai ta tanƙware a wurin. Kamar damin kara ne: miƙaƙƙu suna ɗauruwa tamau, karkatattu ko ka ja igiya sai sun bar kafa. Shi ya sa mai miƙaƙƙun sarƙoƙi da yawa, irin man shanu, ke daskarewa, mai karkatattu kuwa yake kwarara.

Ga shaida. Asid ɗin sitiyarik da na oliyik, biyu daga cikin sarƙoƙin nan, duk kabon 18 gare su. Na farko ƙosasshe ne, sai wajen digiri 69 yake narkewa, ko zafin Afrilunmu ba ya motsa shi. Na biyu tanƙwara ɗaya tak ya yi, amma tun kusan digiri 13 ya zama ruwa. Man gyaɗa oliyik ya fi yawa a cikinsa. Man kaɗanya kuwa ya haɗa su biyun, shi ya sa yake da tauri a gwangwani, da ka murza shi a tafin hannu ya saki.

Batun lafiya, ni ban ɗauki man shanu abokin gaba ba. Yawansa yana ɗaga kolestarol, wato wani irin kitse da ke cikin jini, gaskiya ne, amma cokali guda a kan tuwo da miyar kuka ba shi ne damuwata ba. Wanda nake tsoro shi ne man da aka taurara a masana'anta. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar cusa wa man ruwa haidirojin. Idan aikin ya tsaya rabi, wasu sarƙoƙin sukan miƙe alhali ba su ƙoshi ba, su ne masu illa ga jijiyoyin zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a kawar da irinsa, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ma ta ƙayyade kada masu illar nan su wuce giram 2 cikin giram 100 na mai.

Ka kuma hana yara ƙosan da aka soya a man da ya yi baƙi. Wurin tanƙwarar nan iska ke ci, kowace suya tana ƙara lalata shi.

Kilishinka yana nan, ina jiran mai tafiya. Ka gaishe min da uwargida.

Naka har kullum,
Amininka na Sakkwato