Kafin a Ce Nijar Ta Yi Koyi da Ƙatar, a Tuna da Tashar Hamad

Assalamu alaikum Edita,

Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatanka. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta yawaita a majalisu da Facebook, har na ga alamarta a wani sharhi da kuka buga kwanakin baya. Ana cewa duk ƙasar da maƙwabta suka juya mata baya, ta dubi Ƙatar kawai, ta daure, ta nemi sababbin abokan ciniki, sai ta wuce wurin. Kowa ya san Nijar ake nufi. Ni sana'ata fataucin wake da gero tsakanin Jibiya da Maraɗi, kuma ƙanena yana tuƙin mota a Doha lokacin da aka rufe wa Ƙatar ƙofa, don haka na bi labarin da kunnen wanda nasa ke ciki.

Ranar 5 ga Yunin 2017 ne, ana tsakiyar azumi, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Baharain da Masar suka yanke hulɗa da Ƙatar, suna zarginta da goyon bayan ƙungiyoyin ta'adda da kuma kusantar Iran. Ita ta musanta. Suka hana jiragenta bi ta samaniyarsu, suka hana jiragen ruwanta tashoshinsu, Saudiyya kuma ta rufe mashigar Salwa, wadda ita kaɗai ce iyakar Ƙatar ta ƙasa. A lokacin, kusan kashi 40 cikin 100 na abincin ƙasar ta nan yake shigowa. Ƙanena ya kira ni a makon farko yana ba ni labarin yadda mutane suka yi wa kantuna dirar mikiya, shinkafa da kaji da ƙwai duk aka kwashe, madarar Almarai ta Saudiyya da kowane gida ke buɗa baki da ita ta ɓace. An ba 'yan Ƙatar mazauna Saudiyya da Daular Larabawa da Baharain kwana 14 su tattara nasu ya nasu, aka raba miji da mata, ɗalibai suka bar karatu a tsakiya. Hatta raƙuman da ke kiwo a cikin Saudiyya, dubbansu aka koro.

Daga baya aka aika mata da sharuɗɗa 13 ta hannun Kuwaiti, aka ba ta kwana 10: ta rufe gidan talabijin na Aljazira, ta rufe sansanin sojan Turkiyya, ta ja baya da Iran, da sauransu. Sarkin Ƙatar, Tamim bin Hamad, ya ƙi. Nan ne masu yabon suke tsayawa su yi tafi, ni kuma nan nake so mu ci gaba da labarin.

Gaskiya ne cikin 'yan kwanaki kantuna sun sake cika. Turkiyya ta yi jigilar madara da kaji ta jirgin sama, har ƙanena yana cewa sai mutum ya tsaya tambaya kafin ya gane wace kwalba ce madara wace ce nono, don rubutun duk da Turkanci yake. Iran ta aiko da kayan lambu, ta kuma buɗe wa jiragen Qatar Airways samaniyarta. Kayan da a da sai sun sauka a Jabal Ali ta Dubai kafin a kawo su Doha, aka karkatar da su ta tashoshin Sohar da Salalah na Oman. Amma duk wannan da bai yiwu ba in ba don tashar jiragen ruwa ta Hamad ba, wadda aka kashe mata sama da dala biliyan 7, aka soma gininta shekaru kafin rikicin, ta fara aiki a ƙarshen 2016, aka yi bikin buɗe ta a Satumbar 2017. Wato ranar da aka rufe musu ƙofar gaba, sun riga sun kafa ƙyauren ta baya. Manyan jirage suka dinga zuwa kai tsaye daga Indiya da Turkiyya da Sin ba tare da neman iznin Dubai ba.

Sai maganar shanu, wadda ita ce ta fi burge mutanenmu, kuma ban ga laifinsu ba, don ni ma ta burge ni. A watan Yulin 2017 jirgin sama ya sauke shanu 165 na farko a Doha, cikin 4,000 da kamfanin Baladna ya shirya ɗaukowa daga Turai da Amurka. Aka gina musu rumfuna masu sanyaya iska a tsakiyar hamada, abincinsu ma daga waje ake sayo shi. Kafin a cika shekara biyu ƙasar ta wadatar da kanta da madara, har tana sayarwa waje. To Edita, wane ne zai iya sa saniya a jirgin sama in ba mai iskar gas ba? Kamfanin Moody's mai auna ƙarfin tattalin arzikin ƙasashe ya ƙiyasta cewa a watanni biyun farko kaɗai Ƙatar ta zuba sama da dala biliyan 38 don tallafe tattalin arzikinta. 'Yan asalin ƙasar ba su fi dubu 300 da wani abu ba. Ga kuma sansanin sojan Amurka na Al-Udaid a cikin ƙasarta, wanda ya sa duk mai tunanin wuce gona da iri sai ya sake shawara.

Yanzu mu dawo gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokinta da Nijeriya da Benin. Nijar ba ta da teku ko taku ɗaya, kafin nan yawancin kayanta ta tashar Kwatano ta Benin suke shigowa su tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya. Da aka toshe nan, sai ta koma tashar Lome ta Togo, motoci su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari, da rakiyar soja, saboda hanyar cike take da 'yan bindiga. Direba ya yi makonni yana jiran ayari ya haɗu. Kowace kwana da ya yi a hanya, a kan farashin buhun shinkafa take sauka, kuma matar da ke awo da tiya a Zinder ce ke biya. Mu ma a wannan ɓangaren mun ɗanɗana kuɗarmu. Kayana sun yi kwana da kwanaki a kan iyaka, na ga masu albasa da tumatir suna kallon dukiyarsu tana ruɓewa, ga 'yan dako da masu abincin bakin tasha an bar su zaune. Iyakar da aka rufe, gonakin dangi ɗaya ta raba.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. Duk tsananin rikicin, Ƙatar ba ta taɓa rufe bututun Dolphin da ke kai wa Daular Larabawa iskar gas ba, alhali Daular na cikin masu ƙaurace mata. Mu kuwa a watan Agustan 2023 Nijeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki, ƙasar da a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga wajenmu take samu. Sojojin da ake son hukuntawa suna da janareta. Asibitocin Yamai da Maraɗi da masu sayar da ƙanƙara su suka kwana a duhu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, bai dawo da hamɓararren Shugaba Bazoum kan mulki ba, sai dai ya bar tabon da ya taimaka wajen ficewar Nijar daga ƙungiyar baki ɗaya. Haka na Ƙatar ma: an so a raba ta da Iran da Turkiyya, sai aka tura ta hannunsu. Af, kada mu manta Nijar ɗin kanta ta janye jakadanta daga Doha a 2017 don nuna goyon baya ga Saudiyya, Chadi ma har ofishin jakadancin Ƙatar ta rufe.

Ba na cewa Nijar ta zauna ta naɗe hannu. Tana da haƙƙin neman ciniki da Togo ko Aljeriya ko Turkiyya ko duk wanda ta ga dama, kuma ƙasar da ta rataya wuyanta a tasha ɗaya ta yi ganganci. Abin da nake ƙi shi ne a ruɗi talaka da labarin shanun jirgin sama. Babu wanda zai ɗauko masara daga Ankara ya sauke a Maraɗi, daga Dawanau za ta zo, kamar yadda dabbobin Nijar da wakenta kasuwannin Nijeriya ne babbar mafitarsu. Ƙatar ɗin ma da duk dukiyarta, da aka kira taron Al-Ula a Saudiyya ranar 5 ga Janairun 2021 ta je ta sa hannu, aka buɗe Salwa, bayan shekara uku da rabi na shiga-tsakanin Kuwaiti, wanda sarkinta Sabah Al-Ahmad ya rasu bai ga ƙarshensa ba.

Roƙona gare ka Edita, ka tura wakilinka ya zauna da direbobin da ke bin hanyar Lome zuwa Yamai, su faɗa masa kwana nawa suke yi da abin da suke kashewa. Ya kuma leƙa aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ya gaya mana inda aka kwana, domin mu 'yan kan iyaka shi muke zuba wa ido.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Mai karatunka,
daga Jibiya, Jihar Katsina