Oga yana ba ni umarni ta WhatsApp, saƙon kuma yana ɓacewa

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraren damuwarmu. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ce mai kula da sito a wani kamfani da ke sarin shinkafa da taliya da man girki a nan Kano, yawancin masu sayen kayanmu 'yan kasuwar Singa ne. A da, ko buhu ɗaya ba ya fita sai da takarda: manaja ya sa hannu, akanta ya buga hatimi, ni kuma in ajiye kwafi a fayil. Lokacin kullen korona a 2020 aka buɗe mana zauren WhatsApp na ma'aikata don aiki kada ya tsaya. Kulle ya wuce, zaure ya zauna, takarda kuma ta yi ta ja da baya har ta kusa ɓacewa.

Ba zan ce abin ba shi da amfani ba. Direba na kan hanyar Zariya zai turo hoton takardar lodi, kafin ya iso na gyara wurin sauke kaya. Wannan sauƙi ne, na kuma gode.

Amma Anti, yanzu aiki ba shi da lokacin tashi. Bayan sallar isha'i, wani lokaci sha ɗaya na dare, saƙo ke shigowa. A zaure ba a iya ɓoye cewa an karanta saƙo, ko da mutum ya kashe alamar nan mai shuɗi, don haka da safe oga zai ce, “Kin gani tun jiya, me ya hana ki amsa?” Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma ranar da ya ji muryar namiji na fitowa daga wayata tsakar dare, fuskarsa ta canza. Bai ce komai ba, ni kuwa na san ransa bai so ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Oga ba ya son rubutu, saƙon murya yake turowa. Ya kuma kunna tsarin nan da ke sa saƙonni su goge kansu bayan kwana 7, a zaure da kuma hirarmu ta mu biyu. Kwanakin baya ya turo mini murya ni kaɗai, ya ce in fitar wa wani abokin cinikinsa kaya bashi, takarda za ta biyo baya. Na fitar, don shi ne shugabana, haka kuma aka saba. Takarda ba ta zo ba, mutumin bai biya ba. Da masu binciken kuɗi suka zo ƙidayar kaya suka ga giɓi, ni aka fara tambaya. Na buɗe waya, babu saƙon. Oga ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba. Yanzu an ba ni takardar tuhuma, ana kuma maganar cire kuɗin daga albashina kaɗan-kaɗan.

Wallahi ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Tun da na fara aiki ba a taɓa samuna da cin amanar ko kwalin magi ba, yau ga shi leburorin da nake ba umarni suna kallona ƙasa-ƙasa.

Ƙanena da ke karatun lauya ya ce dokar shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi saƙon waya a matsayin hujja, kuma rikicin ma'aikaci da mai kamfani Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai shi, tana ma da reshe a Kano. To amma saƙon da ya goge, me zan nuna? Ya kuma ba ni labarin cewa a Faransa tun 2017 akwai dokar da ta ba ma'aikaci 'yancin kashe waya bayan an tashi aiki. Mu nan wanda ya kashe waya, washegari zai tarar an sa wani a kujerarsa, ga marayun yayata biyu a hannuna.

Shi ne nake neman shawararki, Anti. Shin in je wurin mai kamfanin kai tsaye in faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ko tsallake oga zai ƙara dagula mini lamari? Direban da ya ɗauki kayan ya san wanda ya aiko shi, amma shi ma yana tsoron bakin aikinsa. Ya dace in roƙe shi ya ba da shaida? Nan gaba kuma, ta yaya zan ce wa oga ba zan fitar da kaya ba sai da rubutu da sa hannu, ba tare da ya ɗauka ina ƙaryata shi ko na raina shi ba? Sai maganar saƙon dare: in bar maigidana ya yi masa magana, ko ni ce zan yi, kuma da wane lafazi?

An ba ni zuwa ƙarshen wata in amsa takardar tuhumar. Don Allah ki taimaka ki karanta wasiƙata kafin lokacin.

Taki,
Wata ma'aikaciya daga Kano