Martani ga masu jin haushin ƙarshen littafin binciken mutuwar tsohuwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ta kaure a shafin adabi, tun da kuka yi sharhin ƙagaggen labarin nan na Turanci a kan wani alƙalin binciken mutuwa a Ingila da tsohuwar da ta cika cikin dare a gidan kula da tsofaffi. Wasiƙun da kuka buga kusan bakinsu ɗaya: labarin ya yi sanyi, takardu sun yi yawa, kuma an kai shafin ƙarshe ba a sa wa kowa ankwa ba. Wani bawan Allah har cewa ya yi tsoro ne ya kama marubucin, shi ya sa ya kasa nuna mai laifi. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, na karanta littafin daga farko har ƙarshe, kuma ban yarda da su ba.

Masu wannan ƙorafi aikin ɗan sanda suke nema a hannun wanda ba shi aka ba ba. A Ingila da Wales tambaya huɗu doka ta ɗora wa alƙalin binciken mutuwa: wane ne ya mutu, yaushe, a ina, kuma ta yaya. Dokar 2009 da ake aiki da ita yanzu ta hana shi fitar da sakamakon da zai ce wane, da sunansa, ya aikata laifi, ko wane ne zai biya diyya. In ya ga alamar kisa, 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ne za su ɗauka daga nan. Da can ba haka abin yake ba. A 1975 masu taya alƙali yanke hukunci a irin wannan zama sun ambaci wani basaraken Ingila, Lord Lucan, a matsayin wanda ya kashe Sandra Rivett, mai renon 'ya'yansa, alhali mutumin ya ɓace tun Nuwamban 1974, bai taɓa tsayawa gaban kotu ya kare kansa ba. A 1977 majalisa ta karɓe wannan iko. To da marubucin ya sa gwarzonsa ya miƙe a zauren shari'a ya nuna wani da yatsa, da mun tafa masa, amma da ƙarya ya shirga mana.

Ni abin da ya riƙe ni shi ne ainihin abin da ya gundure su, wato takardar duba marasa lafiya ta aikin dare. An rubuta cewa an leƙa tsohuwar ƙarfe goma sha biyu, da ƙarfe biyu, da ƙarfe huɗu, kowane layi “tana barci lafiya”. Ƙarfe shida aka tarar da ita ta yi sanyi, haɓa da hannuwa sun sandare, jini ya kwanta a gefen da take kwance. Duk wanda ya taɓa shirya gawa ya san jiki ba ya kaiwa haka cikin awa biyu. Sai alƙalin ya ɗaga takardar ya ƙura wa sa hannun ido, ya ga layukan nan uku biro ɗaya ne, karkata ɗaya, nauyin hannu ɗaya. A nan na ajiye littafin na yi shiru, domin na san wannan abu. Sa hannun da mutum ya yi da tsakar dare yana tsaye, takarda a kan damtsensa, ba ya kama da wanda zai yi da asuba ido na rufewa. Wani ya ɗan haura layi, wani biron ya ƙi sai an karce shi a gefe. In ka ga sun jeru tsaf kamar an ɗora su a kan zare, to a zaune aka cike su lokaci guda, bayan abin da zai faru ya faru.

Kuma wa ya cike? Wata yarinya ce sabuwar ɗauka, da aka bari ita kaɗai da bene guda cike da tsofaffi. Sai masu neman a kama wani su gaya mini wa za a kama. Yarinyar? Manajan da ya rage ma'aikatan dare don kuɗi su isa? Ko likitan da ya yi niyyar rubuta “tsufa” a takardar shaidar mutuwa ya wuce abinsa? Marubucin ya ba kowannensu babin da zai yi magana, kuma babu wanda ya fito a matsayin dodo. Sakamakon da alƙalin ya fitar shi ne mutuwa ce ta rashin lafiya wadda sakaci ya taimaka mata, sannan ya rubuta rahoton hana sake aukuwar irinta. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce, doka ta ba wanda aka aika wa irin wannan rahoto kwana 56 ya mayar da amsa a rubuce.

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa ai wannan kalmomi ne kawai. Ta tambayi iyalan waɗanda suka mutu a turmutsutsun filin ƙwallo na Hillsborough da ke Ingila a 1989. Zaman farko a 1991 cewa ya yi haɗari ne. Iyalan suka ƙi yarda, suka yi ta fafutuka har babbar kotu ta soke wancan sakamako a 2012, sabon zama kuma a 2016 ya ce mutum 96 ɗin nan kashe su aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Shekara 27 suna bin waɗannan kalmomi da ake rainawa.

Batun yawan takardu kuwa, Ingila ta ga abin da ya ishe ta a kan likita Harold Shipman na garin Hyde, kusa da Manchester. A Janairun 2000 aka same shi da laifin kashe marasa lafiyarsa 15, daga baya kwamitin bincike na Dame Janet Smith ya gano aƙalla 215, yawancinsu tsofaffin mata. Shi yake kashewa, shi yake rubuta dalilin mutuwa, babu mai dubawa. Wata likita ce a garin ta fara kai wa alƙalin binciken mutuwa ƙorafi a 1998, saboda yawan takardun ƙona gawa da ke fitowa daga wajensa, kuma a ƙarshe wasiyyar jabu ce ta tona masa asiri. Tun Satumban 2024, duk mutuwar da ba ta je gaban alƙalin bincike ba sai wani likita na daban, wanda ba shi ya kula da mamacin ba, ya duba dalilinta kafin a yi mata rajista. Marubucin da ya san wannan tarihi ba zai raina takarda ba.

Ba wai na wanke littafin tas ba ne. Babin da dattijon alƙalin ya tsallake katanga da fitila a hannu don ya sato fayil daga ofishin manaja abin dariya ne. Mutumin da doka ta ba ikon ya umarci a kawo masa takarda, yana da jami'an da ke masa zirga-zirga, me zai kai shi katanga? Tun 2013 lauya mai ƙwarewar aƙalla shekara biyar kaɗai ake naɗawa wannan kujera, kuma kowane lauya ya san abin da satar takarda za ta jawo wa shari'arsa. Rikicin alƙalin da matarsa ma tsallakewa na riƙa yi.

Babban gibin da na gani, wanda ba wanda ya ambata a wasiƙun, shi ne gawar kanta. An riƙe ta makonni ana bincike, 'yar marigayiyar tana jiran ta binne mahaifiyarta, amma marubucin layi biyu ya ba wannan jira. Alhali a can magana ce mai zafi. A 2018 babbar kotu ta soke tsarin wata alƙaliyar binciken mutuwa a arewacin Landan, wadda ta ce ba za ta gaggauta sakin kowace gawa saboda addinin mamaci ba, bayan wata ƙungiyar jana'iza ta Yahudawa ta kai ƙara, Musulmin yankin kuma suka mara mata baya. Akwai kuma iyalan da ke neman a ɗauki hoton cikin gawa da na'ura maimakon a yanka ta. Da marubucin ya cire babin katanga ya sa mu zauna da 'yar nan a makonnin da take buga waya ofishin alƙali ana ce mata ta ƙara haƙuri, da babu mai cewa labarin ya yi sanyi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Mai karatunku a kullum,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya