In bar mai neman aikin reno ta yi magana da wadda za ta gada?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya saka da alheri.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a Agege, aikina kuma yana Victoria Island. Wanda ya san gosulon gadar Third Mainland ya san daga sallar asuba nake fita, wani lokacin sai bayan isha'i nake shigowa. Mai renon da ke wurina 'yar Katsina ce, ta riƙe amana, amma an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah, za ta koma gida.

Dillaliya ta samo mini mata biyu daga Arewa, kowacce ta haura shekara 18, don ni ba na ɗaukar ƙaramar yarinya. Niyyata in bar kowaccensu ta yi waya da mai renon nan, su kaɗai, ba tare da na tsaya a kansu ba. Wadda za ta baro iyayenta ta yi kwana a mota zuwa Ikko, garin da ba ta jin Yarbanci ko buroka, ta kwana a gidanmu ta tashi a gidanmu, ai tana da haƙƙin sanin inda za ta sa ƙafa. Akwai tambayoyin da kunya ba za ta bari ta yi mini ba: ana biyan albashi a kan lokaci? Ana barin mutum ya huta, ya kira gida? Ƙaramin yaron yana da rigima da dare? Ko na rantse mata, maganar 'yar'uwarta mai aiki za ta fi shigarta. Wallahi na gaji da ganin 'yan aiki a maƙwabta suna tafiya cikin wata guda saboda dillaliya ta faɗa musu abin da ba haka yake ba, a bar yara suna kukan sabo.

Maigida da Hajiyarsa sun ce sam. Hajiya ta ce wannan tonon sirrin gida ne, wadda ta zauna da kai ta san cikinka da bayanka, harshe kuwa ba a yi masa linzami. Shi kuma maigida albashi ne damuwarsa, domin ta yanzu an yi ta yi mata ƙari saboda daɗewa, sabuwar za ta ji ta ce sai an ba ta daidai da haka. Maganarsa abar dubawa ce, kuma ba na son in tsallake umarninsa.

Anti, ta yaya zan fahimtar da su ba tare da Hajiya ta ga na raina ta ba? In sun amince, ya halatta in roƙi mai renon ta bar zancen kuɗi da sirrinmu, ko hakan ya zama na sa mata magana a baki? Ita ma ina tsoron kada ta ji nauyina ta yi ta yabonmu alhali akwai abin da ke ranta.

Taki,
Maman yara, Agege, Legas